Yadda Goggo Ta Ba da Shaida a Kan Ɗan Farinta

A gidanmu na Daura akwai mutum guda da Goggo ba ta kiran sunansa, shi ne ɗanta na fari. Goggo ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ta haifi yaron ta shayar da shi, ranar yaye aka kawo wa Inna, mahaifiyata, aka ce ga naki. Haka ake yi a danginmu, babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Inna ta goya shi, ni kuma da aka haife ni na tarar ya riga ya mallake bayanta da cinyarta. Taubashina ne, shi ɗan mace ni 'yar namiji, saboda haka tun muna ƙanana ba mu da aiki sai tsokanar juna. Ina ce masa bawana, yana ce mini sarkin tsiwa, kuma bai yi mini ƙarya ba.

In Goggo ta zo ganin gida, ko inda yake ba ta kallo. Ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana duban bango. In dole ta kama sai ta ambace shi, sai ta ce "naku", ko "wancan na wajenku". Shi ma Goggo yake ce mata kamar yadda muke cewa, Inna kuwa ita ce Inna. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta, amma ta Goggo har a gidan biki mata kan yi zancenta. An ce ranar da ya faɗo daga kan katanga ya fasa goshi tana tsakar gida tana tankaɗe, kuma ba ta ajiye rariyar ba sai da garin ya ƙare.

Mijin Goggo masunci ne, yana cikin mutanen ƙasarmu da suka bi ruwa suka zauna a bakin Tabkin Chadi tun ana zaman lafiya. Da taubashina ya tasa sai ya bi mahaifinsa can, ya koyi bandar kifi, ya yi aure. Da mahaifin ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ke ci da Goggo. Shekaru suna gida ɗaya, abin bai sake zani ba. Duk Sallah yakan zo Daura da kwalin banda na Inna, ni kuma ya zaɓo mini kifin da ya fi kowane ƙanƙanta, ya naɗe shi daban a takarda ya ce, "Ga na malama. A ci a hankali, kada ƙaya ta taɓa bakin, da shi ake neman abinci."

Sai fitina ta taso a gabas. Muka fara ji a rediyo, daga baya muka fara gani da ido, mutanenmu na dawowa a bayan manyan motoci, wasu da tabarma da tukunya, wasu da kayan jikinsu kawai. Wata rana da hantsi Goggo ta yi sallama, ita kaɗai, da ƙullin kaya a ka, ƙafafunta sun kumbura. Inna ta tare ta tun daga bakin zaure tana leƙen bayanta.

"Ina yake?"

Goggo ta sauke ƙullin, ta nemi ruwa ta sha, sannan ta ce, "Sun tafi da su."

Iyakar abin da muka samu daga bakinta ke nan. Matarsa ba ta gari ranar da abin ya faru, ta kai yara ganin iyayenta, don haka ba ta ga komai ba. Waɗanda suka dawo Daura daga garin sun ce an kwashi maza da yawa, amma kowa da inda ya gudu, babu wanda ya tsaya kusa. Goggo ce kaɗai a cikin waɗanda muka sani take tsaye a wurin. Baba ya yi tafiye-tafiye, ya shiga nan ya fita can, ko'ina tambayar ɗaya ce: wa ya kama shi, a ina, yaushe, wa ya gani? Ya dawo ya tambayi ƙanwarsa, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ne masani. Inna ta yi kuka har ta kwanta ciwo. Goggo kuwa ta karɓe dakan gidan da wanke-wanke, tana yi kamar an ɗauke ta aiki. Ni dai haushinta nake ji, ba na ɓoyewa. In na wuce ta sai na ja tsaki a ciki, wani lokacin ma ya fito.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, rediyo ba ta rabuwa da kunnensa. Tun shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu yake da ƙullin masu kare haƙƙin ɗan Adam a ransa. A lokacin duk tashar waje da ka murɗa zancenmu ake yi, wai duniya ta nuna damuwa. Yakan ce, "Da ƙyanda ke kwashe mana yara ba su damu ba, sai da muka ce za mu bi Littafi." To yanzu ga su nan kuma a rediyon, suna cewa ana kwashe maza a garuruwan bakin tabki ba a kai su gaban alƙali, ana ƙone gidaje, 'yan bindigar daji na yi, masu farautar su ma na yi. Kuma su ne ke faɗa da ƙarfi. Na lura Baba ya daina tsaki in an zo wurin, sai dai ya miƙa hannu ya ƙara murya.

Ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata. Wata rana shugabar makarantar ta kira ni ofis ta ce wata baƙuwa ta zo daga ƙasar waje, tana bin waɗanda suka gudo daga tabki tana sauraron abin da ya same su, kuma tana neman mace ta yi mata tafinta, tunda namiji ba zai shiga gidajen mutane ba. Tun ba ta rufe baki ba na ce zan yi.

Mun zaci Baturiya za mu gani. Ashe baƙa ce wuluk, ta fi ni baƙi, 'yar wata ƙasa can gabashin Afirka inda su ma suka sha yaƙi. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya yafa mayafi ba, kullum yana zamewa tana kamowa. Tun ranar farko ta kafa mini sharaɗi biyu. Abin da mutum ya faɗa shi zan mayar mata, ba ƙari ba ragi, ko da na san fiye da haka. Sannan ba ta ɗaukar "an ce", sai daga bakin wanda ya gani da idonsa, don kada gobe wani ya tashi ya ce ƙarya aka shirya. Ba ta yi wa kowa alkawarin dawo masa da nasa ba. Abin da take cewa a kowane gida shi ne akwai abokan aikinta da akan bari su shiga wuraren da ake tsare mutane. In suna da sunan mutum da kamanninsa da shaidar wanda ya ga an kama shi, suna iya tsayawa su ce ina wane. Mutumin da ake tambaya, in ji ta, ba ya ɓacewa da sauƙi kamar wanda babu mai tambayarsa.

Mun shiga gidaje a cikin gari, mun fita ƙauyuka har wajen garin Babban Mutum. Na ji abubuwan da ba zan rubuta su a nan ba. Na ga mata sun zauna gaban 'yar rakodarta sun faɗi abin da ko mazansu ba su gaya wa ba. Duk inda muka fito sai in ce a raina saura gidanmu, sai kuma in fasa, don na san wadda ke zaune a gidan. Na yi ta jan ƙafa har ranarta ta ƙarshe, wadda bayan la'asar za ta wuce Kano.

Da safe na sami Baba a zaure na gaya masa.

"Irin waɗancan ne ko? Masu damuwa?"

"Su ne, Baba."

"Baƙuwa ce dai. Ba a taɓa mayar da baƙo daga ƙofar gidan nan ba. Ta shiga."

Ya shimfiɗa wa direbanta tabarma a zaure, ya zauna tare da shi, ya kashe rediyo.

Inna ta yi mana shimfiɗa a rumfar tsakar gida, ta dama fura da kanta duk da ba ta gama warwarewa ba. Da ta ga mayafin baƙuwar na zamewa sai ta miƙa hannu ta ɗaure mata shi irin namu, ta ce in gaya mata yanzu ta zama 'yar Daura. Goggo ta fito da tire cike da wake ta zauna gefe tana tsincewa. Na yi mata bayani, ta ce to. Baƙuwar ta tambaya ko ta yarda a kunna rakoda, ta ce a kunna.

Wallahi a duk gidajen da muka shiga ban ga mai shaida irin Goggo ba. Ta faɗi yadda na daji suka yi ɓarna a bayan gari suka gudu, da yadda washegari da sassafe motoci suka zagaye unguwanni. Baƙuwar ta tambaye ta su wane ne, ta ce ita ba ta sani ba, na daji kaki, waɗannan ma kaki, amma waɗannan da motoci masu yawa suka zo, kuma ba sa sauri. Ta faɗi yadda aka tara maza a filin da ke gaban kasuwar kifi, aka sa suka tuɓe riguna suka zauna a rana, da yadda wani da aka rufe wa fuska yake zaune a cikin mota ana wucewa da su gabansa, in ya ɗaga hannu a ware mutum gefe. Ta kira sunayen 'ya'yan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu mata, da sana'ar kowa. Ta faɗi tsohon da ya faɗi a rana aka hana a ba shi ruwa. Hannunta na cikin wake, muryarta ko rawa ba ta yi. Ina fassarawa ina jira.

Baƙuwar ta ce in tambaye ta ko an ɗauki wani a gidanta.

Goggo ta ce, "Ai babu gidan da ba a taɓa ba a unguwar."

"Wa aka ɗauka a naki?"

"Maza suka ɗauka."

"Kina da ɗa a cikinsu?"

Goggo ta ɗebo wake a tafin hannu ta duba, ta juya wajen Inna ta ce, "Yaya, waken nan duk ƙwaro ya huda shi. Wa ya auna muku?"

Na mayar da wannan ma zuwa Turanci, tunda sharaɗi ne. Sannan na roƙi baƙuwar ta ba ni dama in yi mata bayani da bakina. Na gaya mata ɗanta ne na fari, na gaya mata al'adar, na ce ni na san sunansa, na san komai, zan faɗa. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta gane, kakarta ma har ta mutu ba ta kira sunan mijinta ba. Sunan za ta karɓa daga gare ni, amma ni ban ga an kama shi ba, kuma ita ba za ta matsa wa macen da ba ta son magana ba, an riga an matsa mata da yawa. Ta ce Goggo ta yi wa 'ya'yan maƙwabta babban aiki. Ta miƙa hannu za ta kashe rakodar.

Nan fa bakin nan nawa ya ɓalle.

"Goggo, don girman Allah! Kin lissafa 'ya'yan kowa kin tsallake naki? Matar nan yau za ta tafi. In ta fita daga gidan nan babu mai sake tambayarsa har abada. Kunyar ce za ta fito da shi?"

Daga zaure na ji Baba ya yi gyaran murya. Goggo ba ta ɗago ba, amma na ga hannunta ya tsaya a cikin waken.

Inna ta ce, "Ke, rufe mana baki. Gaya wa baƙuwa ta bar abin nan a kunne."

Ta gyara zama ta fuskanci Goggo, ta yi magana da wata murya da ban san tana da ita ba, irin ta mai bin haƙƙinsa.

"Goggon yara, ni ba ruwana da baƙuwa, ni ce ke tambayarki. Yaron nan wa aka ba? Wa ya goya shi? Wa ya kwana da shi lokacin ƙyanda?"

"Ke ce, Yaya."

"To ɗana ne. Na ba ku shi ya taya mijinki aiki, amana na ba ku. Kin dawo mini hannu biyu babu shi, kin zauna kina yi mini daka. Ni ba daka na aike ki ba. Kin faɗi na kowa, saura nawa. Gaya mini abin da aka yi wa ɗana, tun daga safe, kada ki rage mini komai."

Ni da nake taƙama da baki sai na ga Inna ta yi a numfashi ɗaya abin da na kasa a watanni. Ba ta ce Goggo ta ajiye kunyarta ba. Uwar ɗan fari ba ta zancen ɗanta, amma wanda aka ba amana dole ya yi wa mai ita bayani, wannan ko a gaban alƙali haka yake.

Goggo ta ajiye tiren a ƙasa. Ta ɗan juya ta ba wa baƙuwar baya, ta dubi gwiwar Inna.

"Ɗanki bai karya ba ranar, Yaya. Na dama koko, yana alwala a bakin randa suka shigo. Zazzaɓi yake yi tun kwana biyu kafin nan, bai ma gama shan maganin ba."

Na fara fassarawa a hankali, ƙasa-ƙasa, don kada muryata ta katse ta. Ta ce ɗanki na sanye da tsohuwar shuɗiyar shadda wadda aljihunta na dama ya yage aka ɗinke da farin zare. Babu hula. Takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya tsaya a ƙofar gida. Ta bi su a baya har filin, ta tsaya cikin mata a gindin wata bishiya inda take hango shi. Baƙuwar ta raɗa mini in tambayi alamun jikinsa, na gaya wa Inna, Inna ta tambaya kamar daga ranta ya fito.

Sai Goggo ta fara lissafi. Tabon goshi na faɗuwar katanga, wanda ya karkata wajen gira ta hagu. Tawadar Allah a ƙarƙashin kafaɗar dama. Waɗannan Inna ta san su, tana gyaɗa kai. Sannan ta shiga waɗanda Inna ba ta sani ba: inda ƙugiya ta tsaga masa gindin babban yatsan hagu ya warke da ƙulli, ƙunar wutar banda a ƙwaurin dama, haƙorin ƙasa da ya ɓantare a gefe, farcen ƙaramin yatsan ƙafa da ya cire bai sake fitowa daidai ba. Ta ce in ya gaji yana ɗan jan ƙafar dama, in ba ka lura ba ba za ka gani ba. In zai yi magana mai nauyi sai ya shafa ƙeya tukun. Ni da na tashi ɗaki ɗaya da shi, na yi faɗa da shi fiye da kowa, ban san rabin wannan ba. Matar da muka ɗauka ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba ce ke wannan lissafi, tun daga goshi har ɗan yatsan ƙafa.

Ta ce da aka wuce da shi gaban motar, na cikin ya ɗaga hannu. Aka ɗaure masa hannu ta baya da rigarsa. Wani ya buge shi da gindin bindiga a kafaɗa don ya tsaya neman takalmin da ya rage masa, bai faɗi ba. Aka jera su aka fara tura su cikin babbar mota mai rufi. Ta faɗi launin motar, ta faɗi hanyar da ta bi ta fita gari.

Nan ta tsaya. Baƙuwar ta ɗauka an gama, ni ma haka. Inna ce kawai ba ta motsa ba.

"Na ce kada ki rage mini komai."

Goggo ta ja gefen zaninta ta rufe baki, ta yi magana ta cikinsa.

"Na yi abin kunya, Yaya."

"Me kika yi?"

"Da ya sa ƙafa zai hau, na kira shi. Da sunansa. A gaban mata, a gaban maza, da ƙarfi, har masu bindigar suka waiwayo. Ban san lokacin da ya fito ba."

Inna ta matso ta kama hannunta. "Ya ji?"

"Ya tsaya, ya juyo yana neman mai kiran. Ya dudduba cikin mata, bai dubi inda nake ba, don bai san muryata da sunan ba. Aka tura shi ciki. Ban sani ba ko ya gane, Yaya. Shi ne abin da ban sani ba."

Nan Goggo ta fashe. Ban taɓa jin kukanta ba sai ranar, wani irin kuka mai kauri kamar na wadda aka shaƙe. Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, tana cewa, "Kin kyauta mini. Wallahi kin kyauta mini." Baƙuwar na kallona tana jiran fassara. Na mayar mata kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba, kuma a Turanci sai abin ya fito ɗan ƙarami, wai uwa ta kira sunan ɗanta. Amma na ga ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

Kafin ta kashe rakodar ta tambaya wa za ta ce ita ce mahaifiyarsa. Inna ta ce in gaya mata su biyu ne, ɗaya ta haifa ɗaya ta goya, in an sami labari a gaya wa kowacce. Sunan kuma Inna ce ta faɗa, da nasa da na mahaifinsa, ta maimaita har baƙuwar ta iya furtawa.

Da muka fito zaure Baba ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowace mace sai gyatumarsa lokacin tana raye. Idonsa ja wur, ashe duk yana ji. Ya ce in gaya mata ya gode, kuma ra'ayinsa a kan abin da mutanenta suka faɗa game da shari'a yana nan bai canza ba. Ta ce ba ta zo canza shi ba. Ya sa aka ɗora mata buhun gero a mota, ta ce ba a barinta ta karɓi kyauta, ya ce ai ba ita ya ba ba, direba ya ba.

Ban taɓa alfahari da gidanmu kamar ranar ba, har yau kuma in na tuna sai in ji kaina ya ƙara tsawo. Na sha jin manyan mutane a rediyo suna zancen haƙƙin ɗan Adam da kalmomi masu nauyi. Ni dai inda na ga an tsaya wa mutum guda har aka ƙwato masa haƙƙin a tambaye shi, a rumfarmu ne, tsakanin mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba da wata baƙuwa mai haƙurin sauraro.

Sai da taubashina ya ƙara shekaru a tsare kafin a sake shi, kuma har ya fito ba a gaya masa laifinsa ba. Amma labarin cewa yana da rai bai kai haka daɗewa ba. Damina ta wuce, an yi girbi, ina cikin aji da rana wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga abokan aikin baƙuwar. Ta ce sun shiga wani wuri sun tambayi sunan, an ce babu, suka faɗi alamun, aka fito musu da mutum. Ya rame, amma yana tsaye da ƙafarsa. Sun tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gida, ya ba da guda biyu. Ta faɗa mini su, na sa ta maimaita na biyun.

Na bar ɗalibai da aiki a kan allo na taho gida. Inna na ɗaki. Goggo na tsakar gida tana shanya, da jiƙaƙƙen zani a hannu. Na yi niyyar wucewa wajen Inna tukun, ƙafata ta ƙi.

"Goggo, an gan shi. Yana da rai."

Ta ci gaba da matse zanin. "Alhamdu lillahi. Yaya za ta ji daɗi."

"Ya ce a gaya wa Inna ta daina kuka. Kuma ya ce a gaya wa Goggo ya ji. Ya ce sai da mota ta tashi ya gane muryar."

Ruwan zanin na ɗiga a kan ƙafarta.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"To ke me kike tsaye kina kallona? Uwarsa na ɗaki, je ki gaya mata."

Na tafi. Da na kai bakin ƙofa na ɗaga labule sai na waiwaya. Ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye, cikin ruwan wanki, ta rungume jiƙaƙƙen zanin a ƙirji, bakinta na motsi babu sauti. Daga inda nake na gane abin da take maimaitawa. Na yi sauri na shige na saki labulen, don kada ta san na gani.